Makarar Maigidana da Ɗinkin Ƙirjina

Har in koma ga Allah ba zan manta da abin da ɗan gwaggona ya yi mani ba. Ya san an yanka ƙirjina, ya san ɗinkin bai kama ba, a gabanshi likita ya ce kada in ɗaga abin da ya fi butar alwala nauyi. Duk da haka ya tura ni ƙarƙashin makara a gaban jama'a, ya kuma tsaya a bayana yana korar masu zuwa su karɓe ni. Ba zan faɗi sunanshi ba. Ba wai rufin asiri nake mashi ba, shi ya san kanshi, mutanen unguwarmu ma sun san shi, wannan ya isa.

Bari in fara daga tushe don a gane. Ni mai walda ne. An haife ni a cikin gari, wajen Gobarau, shagona kuma yana kan hanyar Batagarawa, inda nake haɗa ƙofofi da tagogi da get na gidaje. Tun ina ɗan shekara goma sha wani abu ƙirjina ya fara tasowa irin na mata. Tsofaffin gidanmu suka ce girma ne, zai baje. Na sauran yara ya baje, nawa ya ƙi. Ba ƙiba ba ce, don a lokacin kamar sillen kara nake. Nono ne sosai, guda biyu, a jikin ɗa namiji.

Wanda bai taɓa zama da irin wannan ba, ba zai san yadda yake cin mutum ba. A kanshi na bar makaranta ina aji biyu na sakandare. Malamin wasanni yakan raba mu gida biyu a filin ƙwallo, rabi da riga, rabi ba riga, ni kuwa kullum sai in faɗa cikin marasa riga. Rannan na tuɓe, makaranta ta ɗauki ihu, har 'yan mata suna leƙowa ta taga. Na ɗauki rigata na fita ta ƙofa, ban sake komawa ba. A gida na ce karatun ne ba ya shiga kaina. Ƙarya nake, yana shiga.

Wanda ya karɓe ni shi ne wani dattijo mai walda a bakin kasuwa, wanda har ya bar duniya Baba nake ce mashi. Shi ya koya mani riƙe ƙarfe, shi ya yi mani waliyyi da na tashi aure. A shagonshi, in zafi ya taso, kowa tuɓewa yake ya bar singileti. Ni kaɗai nake aiki da riga biyu, ta ciki matsattsiya, ta waje burmemiya, gumi yana bin ƙafata har cikin takalmi. Baba yana gani. Shekara da shekaru bai taɓa tambayata dalili ba. Sau ɗaya wani abokin aikinmu ya buɗe baki zai yi magana, Baba ya ɗago kai daga aikin da yake ya dube shi kawai. Maganar ba ta fito ba, kuma ba ta sake tasowa a shagon nan ba.

Shi kuwa ɗan gwaggona, taubashina ne, abokin wasa. Kun san yadda abin yake a wurinmu: ɗan mace da ɗan namiji, duk abin da ya faɗa maka wasa ne, in ka yi fushi kai ne ba ka san zumunci ba. Da wannan lasisin ya yi ta yankana tun muna yara. Shi ya laƙaba mani suna Inna. A gidan biki, a gidan suna, a majalisa, sai ya ƙwala kira: "Inna, yau ba a dama fura ba ne?" Jama'a su fashe da dariya, ni ma in buɗe haƙora. Mi zan yi? Ranar ɗaurin aurena ma sai da ya ce a duba da kyau, kada a rasa gane wace ce amaryar. Na yi dariya har da tafa hannu. A cikina kuwa Allah kaɗai ya san abin da ke tafasa.

Sai da furfura ta fara fito mani sannan na ji ana aikin cire shi. Wani da na yi wa ƙofa ne, ma'aikacin asibiti, ya ja ni gefe cikin mutunci ya ce ai wannan lalura ce da aka sani, maza da yawa suna da ita, kuma ana yin tiyata a rabu da ita. Na kwana biyu ina juya maganar. Na gaya wa matata. Ta ce, "Malam, ni ban taɓa ganin aibunka ba. Amma na gaji da ganinka kana wanka kamar ɓarawo a gidanka. In kana so, ka je."

Na je wani asibiti can wajen GRA. Likitan ya duba ni, ya sa aka yi gwaje-gwaje, ya ce ba ciwon daji ba ne, sinadaran jiki ne suka saɓa tun ina yaro, kuma za a iya cirewa. Amma ya ce lallai in zo da namiji babba wanda zai mayar da ni gida, ya kuma ji bayanin jinya da kunnenshi. Nan na rasa wanda zan kira. Yayyena ba su san zancen ba, ba na kuma son su sani. Na ce a raina, wanda ya fi kowa sanin wannan ƙirjin ai shi ne wanda ya shekara talatin yana waƙarshi. Ga shi yana da kurkura, keken nan mai ƙafa uku da yake haya da shi. Na same shi na ce, "Ɗan Gwaggo, wata magana ce, amma ba ta wasa ba."

Ya saurara har na gama. Ya ce, "To Inna, in aka cire, da mi za mu riƙa kiranka?" Ya yi dariyarshi, sannan ya dafa ni ya ce in kwantar da hankalina, daga shi sai Allah.

Aka yi aiki lafiya. Na farka na ji kamar an ɗora mani buhun siminti a ƙirji. An naɗe ni da bandeji, ga wasu 'yan robobi biyu sun fito ta gefen haƙarƙarina suna tsiyayar da jini-jini cikin 'yan gorina. Da za a sallame ni likita ya zaunar da mu, ni da ɗan gwaggona, ya yi mana bayani dalla-dalla. Ya ce yankan da ake gani a waje ƙarami ne, amma a ciki an raba fata da tsoka, akwai fili a tsakani wanda sai a hankali zai manne. Ya ba ni wata riga mai matse ƙirji, ya ce in zauna cikinta dare da rana, sai in zan yi wanka. Kada in ɗaga hannu sama da kafaɗa. Kada in ɗauki kaya. Kada in je kusa da shago. Ya ce in wata jijiya ta ɓalle a ciki, jini zai taru, aikin zai iya lalacewa.

Ya juya ga ɗan gwaggona ya ce, "Malam, kai ne shaida. Ko jarkar ruwa ka ga zai ɗauka, ka hana shi."

Ya ce, "Likita, ai ko cokali ni zan riƙa ɗaga mashi."

Ina jin wannan maganar a kunnena har yau.

Jinyar nan ba wasa ba ce, duk wanda ya ce maka wasa ce bai yi ba. Ni mutum ne mai kwanciya rub da ciki, sai ga ni a rigingine, an tara mani matasai a baya kamar mai jego. Rigar matsin nan ga zafin Katsina, sai ka ji kamar ka yage ta. Ƙaiƙayi a inda ba ka isa ka sosa ba. Salla a zaune, kabbara ma hannu iya ƙirji. Kan nonon ya mutu murus, in na taɓa kamar jikin wani nake taɓawa, na tsorata na kira likita, ya ce haka yake yi, zai dawo a hankali. Da aka cire robobin aka buɗe bandeji, na ga wurin ya kumbura ya yi baƙi-baƙi da ruwan ɗorawa. Na ce, "Likita, ai ga shi nan bai tafi ba." Ya yi murmushi ya ce kumburi ne, in ba shi lokaci.

Amma duk da kumburin, ranar da matata ta taimaka mani na zura kaftani a kan rigar matsin, na tsaya gaban madubi, na ga riga ta sauka sambal tun daga wuya har ƙasa, babu abin da ya tokare ta. Na daɗe a tsaye. Matata ta ce, "Malam, ko in kawo maka kujera ne?" Na sa tafin hannu na shafa gaban rigar, na sake shafawa. A unguwa kuwa an ce zazzaɓi ne ya kwantar da ni, na bar su a haka.

Ina cikin mako na biyu aka aiko da safe cewa Baba ya rasu.

Matata ta tare ƙofa. Ta ce, "Ka tsaya a yi salla da kai, ka yi gaisuwa, ka dawo. Kada ka bi su maƙabarta." Na ce mata mutumin da ya riƙe ni lokacin da na rasa inda zan sa kaina, ba za a kai shi makwancinshi ina gida a kan katifa ba. Na yi mata alkawari ba zan taɓa komai ba, zan bi baya ne kawai da ƙafa. Niyyar da na fita da ita ke nan, Allah shi ne shaida.

An taru sosai a ƙofar gidan, don Baba mutumin mutane ne. Aka yi mashi salla, aka ɗauki makara. A cikin gari har yanzu in maƙabarta ba ta yi nisa ba a kafaɗa muke kai mamaci. Kowa ya san yadda ake yi: mutum ya sa kafaɗa ya ɗan taka kaɗan, wani ya zo ya karɓe shi, shi ma a karɓe shi, haka har a isa, kowa ya samu ladan. Ba a barin mutum ɗaya ya daɗe. Ni na koma can gefe ina tafe a hankali, na harɗe hannuwa a ƙirji don kada a bangaje ni.

Ban san lokacin da ya zo kusa da ni ba. Sai na ji an kama mani hannun riga, an ɗaga murya yadda kowa zai ji: "Jama'a, ku ba da wuri! Ga babban yaron marigayi nan yana laɓe-laɓe a baya. Ku bari shi sa kafaɗa, ai ya fi kowa haƙƙi!"

Na ce a hankali, "Ɗan Gwaggo, ka san hali."

Ya ce, shi ma a hankali, yana murmushi, "Haba Inna, ai yanzu ka zama namiji. To mu gani."

Kafin in ce wani abu mutane sun dare. 'Ya'yan Baba suna dubana, abokan aikina na dā suna dubana. Wanda ke riƙe da gaba ta hagu ya zame kafaɗarshi ya ba ni wuri, don a ganinshi girmamawa ce yake mani. To ka gaya mani, mi zan ce? In ce ba zan ɗauki Baba ba? In tsaya a tsakiyar titi, gawa a sama, in fara bayanin an cire mani nono? Makara ba ta jira. In ban sa kafaɗa ba a wannan lokacin, gefen nan zai sunkuya.

Na sa kafaɗa. Na ɗaga hannun da aka ce kada in ɗaga, na kama ƙarfen makarar.

Baba ba ƙaramin mutum ba ne, makarar kuma ta ƙarfe ce, mu muka haɗa ta a shagonshi shekarun baya ya ba masallacin unguwa sadaka. Na san nauyinta tun ba kowa a kai. Taku na farko na ji ƙirjina ya ja. Na ce ba komai, yanzu wani zai karɓe ni. Na ga wani ya matso, sai na ji muryar ɗan gwaggona a bayana: "A'a, ku bar shi tukuna, ubanshi ne. Ku karɓi na baya." Wani ya sake matsowa, ya sake tare shi. Sauran kusurwa uku ana ta canji, tawa ba a canzawa.

Muna shan kwanar wani lungu, inda hanya ta ɗan gangara, nauyin ya taho gaba. Nan na ji abin ya tsinke. Ba ƙara ya yi ba, ji na yi kamar an ja zare a cikin nama ya ɓalle, sai wani ɗumi ya fara bazuwa a gefen hagu. Idona ya yi duhu-duhu. Gumi mai sanyi ya karyo mani. Abu ɗaya ne a kaina: in na saki, Baba zai faɗi a kan titi. Na cije. Na ce a raina, Baba, shekara nawa ka rufa mani asiri ba tare da na roƙe ka ba, yau ko zan mutu ba zan kayar da kai ba. Ina salati, ina taka ƙafa, ina salati, ina taka ƙafa.

Wani tsoho ne, ban ma san shi ba, ya dubi fuskata ya gane ba lafiya. Bai tsaya neman izinin kowa ba, ya ture ɗan gwaggona da gwiwar hannu ya ce, "Kai, matsa can! Ba ka ganin mutum zai faɗi?" Ya sa kafaɗarshi ya karɓe ni. A lokacin har mun hango ƙofar maƙabarta.

Ban koma gida ba. Na tsaya aka sa Baba a kabari, aka jera itace, aka rufe, aka yi addu'a. Ina tsaye na ji rigar matsin tana ƙara matse ni ta gefe ɗaya. Na duba ƙasa na ga wani ɗan tabo ja ya fito a kan farar shaddata, yana faɗi a hankali. Na cire hulata na dafe wurin da ita, kamar mai jimami. Da aka shafa fatiha na sulale na tari ɗan acaba, na ce ya kai ni asibiti, ya bi a hankali. Ɗan gwaggona yana can yana gaisawa da mutane. Ko waiwayowa bai yi ba.

Da likita ya buɗe rigar, ni kaina sai da na kawar da kai. Gefen hagu ya cika tam, ya yi tsini, ya fi yadda yake kafin a yi aikin girma. Likitan mutum ne mai sanyin hali, amma rannan ya yi faɗa. Ya ce, "Malam, mi na gaya maka? Mi ka ɗauka?" Na ce, "Gawa." Aka mayar da ni ɗakin tiyata, aka sake buɗe wurin, aka kwashe jinin da ya taru, aka ɗaure jijiyar, aka mayar da roba. Jinyar da na ɗauka na ci rabinta ta dawo sabuwa.

Wannan karon ta fi ta farko ɗaci, don yanzu da tsoro a ciki. Likita ya gaya mani gaskiya, ya ce dama zai warke yadda aka so, hagu kuwa ba zai yi mani alkawari ba. Ruwa ya yi ta taruwa a wurin, ina komawa ana zuƙe shi da sirinji. Daga baya wani abu mai tauri ya fito a ƙarƙashin fatar kamar an sa dutse. Na ce shi ke nan, tsiro yake zai dawo. Kullum da safe sai na shafa in ji ko ya ƙaru. Likita ya ce tabon ciki ne, ya koya wa matata yadda za ta riƙa murza shi da man shafawa in lokacin ya yi. Baiwar Allah nan ta yi ta murzawa, ina cije baki, tana cewa, "Ka yi haƙuri, Malam, jiya ya fi haka tauri." Ko gaskiya take faɗi ko lallashi ne, ban sani ba, amma da maganar nan nake samun barci. Shago kuwa yana can, aikin mutane ya tsaya, wasu suka kwashe nasu suka kai wani wuri.

Ana cikin haka labari ya iso mani cewa asirin ma ya tonu. Mutane sun ga jini a rigata, aka fara cewa aikin zuciya aka yi mani, wasu suka ce daji ne. Sai ɗan gwaggona ya zauna a majalisa ya warware masu. Wai ya ce, "Wace zuciya? Inna ce ta je aka yaye ta." Aka yi dariya. Wanda ya kawo mani labarin ya ce ba kowa ya yi ba, wasu sun tashi sun bar wurin. Shi kuwa ɗan gwaggon nawa ko sau ɗaya bai tako gidana ya ce sannu ba. Ya aiko matarshi da kwanon kunu, wai a gaishe da mai jego. Matata ta karɓa ta yi godiya, ta juye wa awaki.

Na yi niyyar in kai ƙara wurin manya. Na san abin da za su ce: taubashinka ne, wasa ne ya wuce gona, a yi haƙuri. Kalmar nan ta wasa ita aka yi ta rufe mani baki da ita tun ina yaro. Na ce a'a. Zan jira in warke, in tsaya da ƙafata, in yi maganata da bakina.

Allah cikin ikonsa na warke. Watanni suka wuce, kumburi ya sace, taurin ya narke, jin taɓi ya dawo. Likita ya ce in ajiye rigar matsi, ya ce in fara aiki da ƙananan abubuwa. Gefen dama ya kwanta lafiya lau, sai ka kura ido za ka ga layin ɗinkin. Gefen hagu ya ɗan lotsa, tabon ya fi faɗi, ya fi duhu. Likita ya ce in ina so za a iya gyarawa nan gaba. Na ce a bar shi. Na dama aikin likita ne, na hagu kuwa na san inda na samo shi.

Ranar da na fara aiki da singileti ɗaya a shagona, iska ta bugi ƙirjina, wallahi sai na ji kamar yau aka haife ni. Ina da shekara arba'in da ɗoriya, ban taɓa sanin haka sauran maza suke ji ba. Masu aikina suka duba sau ɗaya, suka mayar da kai ga ƙarfensu. Maƙwabcina mai faci ya leƙo ya ce, "Maigida, jiki ya yi kyau." Na ce, "Alhamdu lillahi." Shi ke nan. Abin da na shekara talatin ina tsoro, iyakarshi ke nan.

Abin da na koya, ga duk wanda zai yi irin aikin nan: yankan ba shi ne wahala ba, jinyar ce, kuma jinya ba a yin ta don ganin idon mutane. Abin da likita ya hana, ya hanu, ko duniya za ta taru a kanka. Da tun farko na fito na gaya wa 'ya'yan Baba an yi mani aiki a ƙirji, da ba wanda ya isa ya tura ni ƙarƙashin makarar nan, su da kansu za su hana. Ɓoyon da na yi shi ya ba shi igiyar da ya ja ni da ita. Sannan mutumin da ya saba cin dariya a kan ciwonka, kada ka ɗauka zai yi murna ranar da ciwon ya tafi. Ka raba shi da abin hirarshi ne.

Ɗan gwaggona kuwa ya zo da ƙafarshi. Wata ranar kasuwa da hantsi, ƙarfen rufin kurkurarshi ya karye, ya turo ta har ƙofar shagona kamar ba abin da ya taɓa faruwa. Akwai mutane, masu jiran aiki da masu zaman hira a benci. Tun daga nesa ya ɗaga murya: "Inna! An tashi daga jegon? Zo ki ɗan ɗiga mani walda a nan."

Na kashe inji. Na ajiye gilashin fuska. Na tako har gabanshi, na kama singiletina na cire ta gaba ɗaya na rataya a kafaɗa. Ya fara 'yar dariya, yana duban mutane ko wani zai taya shi. Ba wanda ya taya shi.

Ya ce, "Haba, mi ya yi zahi? Ai wasa ne."

Na ce, "Ɗan Gwaggo, dubi nan da kyau, don ka daɗe kana son a gani. Wannan na dama, likita ne ya yi. Wannan na hagu da ya lotsa, kai ka yi. Kana zaune aka ce kada in ɗaga abin da ya fi buta, ka ɗora mani gawa, ka tsaya kana korar masu karɓata. Ka so in saki Baba a titi a yi dariya, ko in tsaya in tona kaina a yi dariya. Ban saki ba. Na kai shi, da jinina yana zuba, kuma ko yau aka ce in sake, zan sake. Ba na jin kunyar tabon nan, kai ne za ka riƙa jin kunyarshi duk ranar da ka gan ni. Kurkurarka za a gyara maka, don gwaggona ce ta haife ka. Ranar da aka ɗauko ka a makara kuma, in ina da rai, ni zan kama gaba ta hagu, da wannan kafaɗar, ba sai wani ya tura ni ba. Amma daga yau har zuwa ranar, wasa ya ƙare tsakanina da kai. In za ka kira ni, ka kira ni da sunan da ubana ya raɗa mani."